Ƙaurar fengwin ba tsira ba ce

Wani labari ya ce fengwin, tsuntsayen tekun nan da ba sa tashi sama, na Halley Bay da ke gaɓar Antatika sun sauya wuri, wai hankali ya kwanta. Ban yarda ba. A 2016 ƙanƙarar tekun da suke hayayyafa a kanta ta tsage tun 'yan tsakin ba su yi gashin da ruwa ba ya ratsawa ba, dubbai suka nitse, kuma haka aka yi ta asara har 2018. Namijin irin wannan fengwin ƙwai ɗaya tak yake ɗorawa bisa ƙafafunsa, ya yi wata biyu cikin duhun hunturun Antatika ko loma bai sa ba. Malam mai labari da ka ce sun samu mafaka a Dawson-Lambton, wani mazaunin fengwin da ke kusa, can ma ba kan ƙanƙarar suke ba? In ta tsage fa, ina za su dosa?