Barbaɗa wa gajimare sinadari ba ya cika madatsar da ta ƙafe

Duk lokacin da hunturu ya kama a tsaunukan yammacin Amurka, akwai injina a gefen duwatsu da ke ƙona sinadarin azurfa da ake kira silba ayodayid, hayaƙinsa na tashi zuwa cikin gajimare. Wasu kuma da jirgin sama suke kai shi. Burin shi ne a ƙara yawan dusar ƙanƙara, domin idan ta narke ita ce ke cika koguna da madatsun ruwa. Ina ganin aikin yana da amfani, amma 'yan siyasar can sun fara ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Abin da ya sa dabarar ke aiki abin mamaki ne. Ɗigon ruwa a cikin gajimare ba ya daskarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Idan bai samu wani ɗan ƙwayar abu da zai manne masa ba, yakan zauna a ruwansa har kusan digiri 38 ƙasa da sifili. Irin wannan ruwa ne ke daskarewa a fiffiken jirgi, shi ne kuma ke mannewa a jikin bishiya ko turken ƙarfe a ƙololuwar dutse, ya yi fari fat, yana tsirowa ta ɓangaren da iska ke bugowa. Masu aikin suna kafa na'urori a can don auna wannan daskarewa, domin ita ce shaidar cewa gajimaren na ɗauke da abin da ake nema. Sinadarin yana kama da ƙanƙara a tsarinsa, sai ruwan ya ruɗu ya daskare a kansa, ƙwayar ta riƙa jan tururin da ke kewaye da ita har ta yi nauyi ta faɗo. Amma sai sanyi ya kai kusan digiri 6 ƙasa da sifili yake fara aiki, kuma ƙanƙarar ta fi saurin girma a wajen digiri 15 ƙasa da sifili, inda take fitar da rassa kamar ganye. Sai kuma iska ta yarda ta kai hayaƙin inda ake so.

Tun 1946 masanin kimiyya Vincent Schaefer ya fara gwajin yi wa gajimare barbaɗi a saman tsaunin Greylock da ke jihar Massachusetts, amma sai da aka shafe shekara saba'in kafin a ga hujja ƙarara. A 2017, a jihar Idaho, masu binciken shirin SNOWIE sun ga layukan dusar ƙanƙara a na'urar rada suna bin sawun jirgin da ya zuba sinadarin, lanƙwasa bayan lanƙwasa. Wannan ya rufe bakin masu cewa duk yaudara ce. Sai dai yawan ƙarin har yau ana ja-in-ja a kansa: rahoton ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka na 2024 ya ce ƙiyasin yana kaiwa daga sifili zuwa kashi 20 cikin ɗari.

To a nan gizo ke saƙar. Ruwa ba ya tsami banza, haka shi ma gajimare ba ya samuwa da umarni. Shekarar fari, lokacin da aka fi buƙatar dusar, ita ce shekarar da ba a cika samun gajimaren da za a barbaɗa wa komai. Hukumomin ruwa na Kalifoniya da Arizona da Nevada suna zuba kuɗi a wannan aiki a jihohin da kogin Kolorado, wanda suke samun ruwa daga gare shi, ke farowa, kuma ban ga laifinsu ba, kuɗin ba su da yawa idan aka kwatanta da gina sabuwar madatsa. Laifin yana wurin wanda zai nuna injin da ke hayaƙi a kan dutse don ya kauce wa maganar da ta fi ɗaci, wato rabon ruwan kogin tsakanin jihohi da aka yi a yarjejeniyar 1922 bisa lissafin shekarun da ruwa ya yi yawa, da gonakin ciyawar dabbobi da ke shanye kaso mai tsoka na ruwan a tsakiyar hamada.