Wankan tsofaffinmu, a bi a hankali

'Yan uwana matasa masu kula da iyaye da kakanni a gida, don Allah mu rage takura wa tsoho a kan wanka, wai Baba ya kwana biyu bai watsa ruwa ba sai a taso shi gaba kamar ƙaramin yaro. Fatar wanda ya haura 70 ba irin tamu ba ce, ta yi laushi ta rage kauri, maiƙon da take fitarwa ya ja baya, shi ya sa za ka ga ƙaurin Hajiya ya yi fari fat, dare na yi ta hau susa har sai ta ji wa kanta ciwo.

Lokacin hunturu wankan sabulu sau 2 ko 3 a sati ya wadatar wa tsoho mai rauni, a sa ɗaya ya faɗo ranar Juma'a. Sauran ranakun a jiƙa tawul da ruwan ɗumi a goge fuska, hammata, matse-matsi da duk inda fata ta naɗe, wannan kam kullum ne ba fashi, in kuma fitsari na kuɓuce masa to nan take za a wanke. Zafin Afrilu daban ne, ya watsa ruwa abinsa, sabulun dai ake ragewa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ruwan da muke haɗa musu, tafasasshe, a tsiyaya Dettol, a kawo soso mai kaushi da sabulun wanki a dirje bawan Allah wai tsafta, alhali ɗan maiƙon da ya rage masa ake kwashewa. Mai ciwon suga ma ƙafarsa ba lallai ta ji zafi ba sai ya ƙone, ka fara tsoma gwiwar hannunka tukuna. A ajiye masa kujera a banɗaki, tayil da kumfa sun karya ƙugun tsofaffi da yawa.

Yana fitowa a danna tawul a jiki ba gurzawa ba, a shafa man kaɗanya ko basilin tun jikin na da danshi, musamman hannu da diddige da alwala ke busarwa, amma tsakanin yatsun ƙafa a tsane shi sosai kar a sa mai a wurin.

Wanda ke kwance kuma a dinga juya shi duk bayan awa 2, ana duba ƙugu da diddige. In ka ga wuri ya canza launi ya ƙi komawa, ko ciwo ya ƙi warkewa, ku nufi asibiti, a bar barbaɗa masa garin kafso.