Baƙin Madubi a Teburin Mai Shayi

Bayan sallar isha'i, Bakano da Bazazzagi suka haɗu a teburin mai shayi a Fagge, kowa da wayarsa a hannu.

Bazazzagi: Alhaji, akwai wani shirin talabijin na ƙagaggun labaran kimiyya mai suna Black Mirror, wato baƙin madubi, wanda aka fara nunawa a Ingila a 2011 kafin ya koma Netflix a 2016. Da za ka kalle shi, da ka gane cewa wayar nan ce take riƙe da kai.

Bakano: Malam, da kuɗina na saye ta a Farm Centre, kuma ban taɓa jin inda haja ta mallaki mai ita ba sai a bakin Zazzagawa.

Bazazzagi: A wani kashi na shirin, mutane suna wuni suna tuƙa keken da ba ya zuwa ko'ina domin su samar da lantarki, ga allo ya kewaye ɗakunansu. Wanda ya tsallake talla sai an cire masa kuɗi, wanda ya rufe ido kuwa tallar za ta tsaya cak har sai ya buɗe.

Bakano: Dakata! Keken da yake ba da lantarki, nawa ake sayar da shi a sari?

Bazazzagi: Ina ba ka labarin bauta, kai kuma kana lissafin riba.

Bakano: To ai tallar da ba a rufe mata ido ita nake nema wa shagona na Kantin Kwari tun shekaru. Kuma ka kwantar da hankalinka, na'ura ba za ta mallaki Kanawa ba, domin kafin ta gama shiri an ɗauke wuta.

Mai shayi: Amma Alhaji, jiya da aka ɗauke wutar, kai ne ka taka har bakin titi cikin ruwan sama kana neman mai caji, ka bar shayinka ya huce.

Bakano: Wannan jinya ce na kai ta, ba biyayya ba ce.

Bazazzagi: Ka ji ko? Ni da na fahimci makircin, tuni na 'yantu.

Mai shayi: Malam, ban gan ka a sallar asuba ba yau.

Bazazzagi: Niyyata in kalli kashi ɗaya ne, sai na gaba ya fara da kansa kafin in miƙa hannu. Can cikin dare allon ya tambaye ni ko har yanzu ina kallo, na ga rashin ladabi ne a yi mini tambaya in ƙi amsawa.

Nan take wayar Bakano ta mutu, ya ƙura wa baƙin gilashin ido, ya ga wani dattijo yana hararsa.

Bakano: Malam, ara mini cajarka, kuma kada ka ce komai.