Kyanwar nan a kan tebur take ko a ƙarƙashi?

Daren jiya har ƙarfe goma ina zaune da 'yata ta aji huɗu, NEPA ta ɗauke wuta, ina haska mata littafi da fitilar waya, muna fama da aikin gida na cike gurbi. Jimla ashirin, kowacce da rami a tsakiya, wai a zaɓi "in" ko "on" ko "at" ko "under". Yarinya na gyangyaɗi, ni kuwa raina a ɓace tun da na buɗe shafin makon jiya.

An rubuta "The cat is ___ the table." Ba hoto, ba komai. Ta sa "under". Anti ta zabga mata jan biro, ta rubuta "on" a gefe. Don Allah a wane gida ake barin kyanwa ta hau tebur? A namu in ta hau, tsintsiya ce za ta sauko da ita, ƙarƙashi take kwanciya. Turancin yarinya lafiyarsa ƙalau. Kawai bai zo daidai da amsar da ke bayan littafin malamai ba.

Da safe na bi ta makarantar. Na ce, "Anti, ki gaya mini kuskurenta." Ta duba, ta ce, "Hajiya, haka yake a littafi." Shi ke nan fa. Littafin da makaranta ta ce dole a wajensu za a saya, a kan kuɗin makaranta, a kan kuɗin lesin da ake karɓa duk zango.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wahalar yaran a fili take, ba wanda ya zauna ya yi musu bayani. Mu da Hausa "a" guda ɗaya ta wadace mu: a gida, a Kano, a ranar Litinin. Bature ya raba ta uku: "at home", "in Kano", "on Monday". Safiya "in the morning", dare kuma "at night". Ƙaramar mota "in the car", bas kuwa "on the bus". Yarinya ta tambaye ni, "Umma, to A Daidaita Sahu fa?" Na yi shiru, don ni ma sai da na tsaya tunani. Ƙarshen mako ma, mutanen Ingila "at the weekend" suke cewa, na Amurka su ce "on the weekend". Duka daidai ne, amma yaron da ya sa wanda ba na littafi ba, jan biro.

Minti goma ya isa malama ta ɗauki kofi da cokali, ta sa shi a ciki, ta ɗora a kai, ta tura ƙarƙashi, ta faɗa da Hausa sannan da Turanci. Ina! Hausa a makarantar nan laifi ce, wanda aka ji yana yi sai monita ya rubuta sunansa a ci shi tara. Yaro bai gane ba, ba a yarda ya tambaya da harshen da ya iya ba, sai ya koma canki-canka. Wata rana ya dace, wata rana ya ci sifili, ya dawo gida yana cewa shi daƙiƙi ne. Kuma shekara biyu suka rage a zaunar da su jarrabawar shiga sakandare.

To mu iyaye muka koma malaman dare. Ni na yi boko, ina lallaɓawa. Maƙwabciyata da ba ta yi ba, ɗanta kullum gidanmu yake kawo nasa littafin bayan isha'i, ita ma kuɗinta ba ragi take biya.

Taron iyaye da malamai na nan Asabar mai zuwa. Littafin yana cikin jakata, na naɗe shafin kyanwar.