Mai azumi ba ya neman sigari, amma bayan Sallah fa?

Duk wanda ya san masu shan sigari a Jos ya ga wannan abu da idonsa. Mutumin da ba ya iya awa biyu bai kunna kara ba, watan Ramadan na kamawa sai ya yini tun daga Asuba har Magariba, kwana 29 ko 30 a jere. Ka miƙa masa sigari da rana tsaka a Terminus, cibiyar kasuwancin Jos, ba zai tsaya kokawa da zuciyarsa ba. "Ina azumi" kawai zai ce, magana ta ƙare. Shi ɗin dai, in ya ƙudurta dainawa bayan Sallah, da wuya ya cika mako. Jikin bai canja ba, ƙwaɗayin ma yana nan. A Ramadan imaninsa ya gaya masa shi mai azumi ne, kuma unguwa duka ta shaida. A Shawwal kuwa mashayi ne mai ƙoƙarin dainawa, kullum sai ya sake yanke shawara, kuma wata rana shawarar za ta kayar da shi.

Shi ya sa nake ganin mun cika ɗora laifi a kan rashin ƙarfin zuciya. Halin da ke ɗorewa shi ne wanda ya shiga cikin yadda mutum yake kallon kansa. Wanda ya saba cewa "ni dama malalaci ne" ko "ni kuɗi ba ya zama a hannuna" ya riga ya yanke wa kansa hukunci, sai kuma ya kafa hujja da cewa hali zanen dutse ne. Iyaye su kula da wannan sosai: yaron da aka yi shekara goma ana kiransa daƙiƙi zai yi wuya ya ɗauki littafi da kansa.

Amma fa faɗa da baki ba ta gina komai. A 2009 Peter Gollwitzer na Jami'ar New York da abokan aikinsa sun gano cewa ɗaliban da wasu suka san burinsu tun kafin su fara aiki a kai sun fi yin sakaci da shi, domin yabon da suka hango ya riga ya ƙosar da su. Saboda haka kada ka hau Facebook ka shelanta cewa ka zama ɗan motsa jiki. Zuciya hujja take nema, hujjar kuma ita ce aikin da aka maimaita.

Ɗauki tafiyar safe a misali. Ka zaɓi abu guda, ba biyar ba. Ka rage shi har ya zama abin kunya a ce an kasa: minti 10, ba awa ɗaya ba. Ka ɗaure shi da abin da ba ka fashinsa, wato kana fitowa daga sallar Asuba ka zarce, kada ka koma ɗaki tukuna, domin wanda ya koma ya ga bargo a sanyin Disamba na garin nan ya gama. Takalmi da rigar sanyi su kwana a bakin ƙofa. Kana dawowa ka sa alama a kalanda. Sai bayan mako biyu ka ƙara minti biyar. Haka ajiya take: naira 500 kullum, a cire ta lokacin da aka buɗe shago, ba da dare ba bayan cefane ya cinye ciniki. Annabi (SAW) ya faɗa cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Maganar da ake yawo da ita cewa kwana 21 sun isa abu ya zame wa mutum jiki ta karya gwiwar mutane da yawa. Binciken Phillippa Lally a Landan, kan mutum 96, ya nuna cewa kafin abu ya zame wa mutum jiki ana ɗaukar kusan kwana 66 a tsaka-tsaki, wasu 18, wasu har 254. Ya kuma nuna fashin rana ɗaya ba ya rushe aikin. Abin da ke rushe shi shi ne fassarar da mutum ke yi wa fashin: "Ai na sani, ba halina ba ne." Mai sallah in ya makara ramawa yake yi, ba ya cewa ya daina zama mai sallah. In ruwan Agusta ya hana ka fita yau, gobe ka fita ko da minti biyar ne, kada a yi biyu a jere.

Sai majalisa, wadda ita ce ta fi wuya. In abokan zamanka sun san ka da shayi mai cokali huɗu na sukari da hira har ƙarfe ɗaya na dare, su za su fara yi maka tsiya ranar da ka tashi da wuri. Ba sai ka yanke zumunci ba. Ka gaya wa mai shayi cokali biyu, ka tashi ƙarfe goma, sannan ka nemi mutum ɗaya a layinku wanda zai riƙa jiranka a ƙofar masallaci da Asuba.