Mabiya dubu hamsin, ciniki shiru: wai ina gizo yake saƙar?

Akwai wata tambaya da nake yawan yi wa matasanmu masu sayar da kaya ta waya, kuma gaskiya ba kasafai nake samun amsa ba. Nakan ce, duk mutanen nan da kake alfahari suna bin ka a TikTok ko Instagram, mutum nawa ne a cikinsu suka sayi kaya a hannunka sau biyu? Sau biyu fa na ce. Sai ka ga mutum ya yi tsuru yana sosa ƙeya, alhali da yawan folowas ɗinsa na tambaya da tuni ya karanto min har da 'yan kai, dubu kaza da ɗari kaza, jiya ma an ƙaru da mutum sittin.

Ni a ganina nan ne muka yi ɓatan kai. Mun ɗauka tara jama'a shi ne kasuwanci. Wanda ya tashi a ƙauye ko ya saba cin kasuwar mako ya san gardawan nan masu wasa da maciji ko kura, cikin minti goma za su tara mutanen da mai shago ba zai gani ba a wata guda, a yi kiɗa a yi tsalle a sayar da laya da ƙullin magani, la'asar na yi su naɗe kayansu. Mako mai zuwa suna wani garin, don sun san in suka dawo nan akwai masu jiran su da tambaya. To yawancin abin da muke yi a soshiyal midiya wasan gardi ne, rawa da barkwanci da shiga faɗan da bai shafe ka ba don a kalle ka, sannan a ƙarshe ka ɗago kwalbar humra ka ce a saya.

Yanzu kwatanta shi da dattijon da ke zaune a shagonsa a Kantin Kwari shekara da shekaru. Mutum zai taso tun daga Maraɗi ko Damagaram ko Ndjamena, ya keta layi bayan layi, yara na jan rigarsa ana ce masa Alhaji ga sabon yayi, bai ko waiwaya ba sai ya isa wajen mutuminsa. In ka bi diddigi za ka tarar ba wai kayan dattijon sun fi arha ba ne, wani lokacin ma sun ɗara tsada. Abin da ya faru shi ne wata rana can baya baƙon ya ɗauki turmin atamfa zai biya, mai shagon ya ce masa ajiye wannan Alhaji, tana zuba, in ka kai wa matan garinku za su zage ka, ɗauki waccan. Ya yi asarar cinikin turmi ɗaya ko ashirin a ranar, amma ga shi har 'ya'yan baƙon a wajensa suke sari.

Wannan kalmar, "ajiye wannan, tana zuba", ita ce nake ganin babu a shafukan masu sayar da kaya. Kowa kayansa orijinal ne, kowa nasa ne na ƙarshe a kyau. Babu mai koya maka komai.

Kuma abin haushin, ilimin yana nan a kansu. Yaron da ke sayar da waya a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, ya san abubuwan da in ya riƙa faɗa wa mutane ɗaya bayan ɗaya za su riƙe shi hannu bibbiyu. Ya san yadda ake danna *#06# a ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a gwada ta da wadda ke jikin kwali, ya san in lafiyar batirin iPhone ta sauka ƙasa da kashi 80 to mai saye ya fara tanadin kuɗin canji, ya san yadda ake gane sikirin ɗin da aka taɓa sauyawa a wayar da ake kira landan yus. Mai sayar da abincin kaji ta san ranar da ya kamata a ba 'yan tsaki rigakafin Gumboro da Lasota, ta san dalilin da ya sa buroila ke mutuwa rututu in zafi ya tsananta a watan Afrilu da abin da za a yi wa ɗakin. Mai shadda ya san bambancin gezna ta gaske, wadda kamfanin Getzner ke yi a ƙasar Ostiriya, da wadda aka buga wa tambari kawai a bakin yadi. Amma duk sai su bar wannan a ciki, abin da za ka gani a sitatus hoto ne da "akwai" da "saura biyu".

Ba sabuwar dabara nake kawowa ba, kuma ba intanet ce ta haife ta ba. A shekarar 1900 wasu 'yan uwa biyu masu kamfanin tayar mota na Michelin a Faransa suka buga wani ɗan littafi suna raba wa direbobi kyauta, a ciki akwai taswirar hanya da inda ake samun mai da makanikai da masauki, da yadda ake canza taya. Lissafinsu mai sauƙi ne, in mutum ya san hanya zai yi tafiya, in ya yi tafiya taya za ta suɗe, in ta suɗe kuma sunan wa zai fara tunawa? Kafin su ma, a 1895, kamfanin John Deere na Amurka mai ƙera kayan noma ya fara fitar da wata mujalla don manoma, tana koya musu yadda za su kyautata gonakinsu, kuma har gobe ana buga ta. Su sai da suka biya kuɗin takarda da madaba'a da dako. Kai kuwa data ta 'yan ɗaruruwan naira ta ishe ka.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa min. Malam in na tona asirin sana'a ai na kashe kaina, gobe maƙwabcina zai kwafa, ko kuma mutum ya koya a wajena ya je ya saya a wani wuri. E, zai faru, ba na musu. Akwai wanda zai karanta duk bayaninka a kan batirin sola, bambancin tubula da litiyom da yawan fanel ɗin da zai iya cika shi, ya gode maka da addu'a mai tsawo, sannan ya tafi Sabon Gari ya saya a shagon ƙanin matarsa. Wannan dama ba naka ba ne. Amma maganar asiri, mu faɗa wa juna gaskiya, wane asiri ne ya rage? Abin da kake ɓoyewa yana YouTube, wani Ba'indiye ya yi bayaninsa tun shekara biyar da suka wuce. Abin da babu shi ne wanda zai faɗe shi da Hausa, da misalin zafin Sakkwato da wutar NEPA ɗinmu da kuɗinmu na yau. Wanda ya riga kowa yin haka shi za a riƙa kira in an tashi saye, mai kwafa kuma kullum yana baya da taki ɗaya, don ranar da aka yi masa tambayar da ba ta cikin abin da ya kwafo zai kama in-ina.

Inda abin ke da wuya shi ne ɗorewa. Da yawa sun fara da zafi, kwana bakwai a jere ana zuba bayani, da suka ga layik goma sha biyu kawai sai gwiwa ta yi sanyi, suka koma ɗora hoton kaya. Alhali mutum goma sha biyun nan su ne jarin. Gara ka ce duk Juma'a da daddare zan yi bayani ɗaya, ka riƙe wannan shekara guda ko ana ruwa ko ana iska, har ya zama in ka makara wani ya turo maka saƙo yana cewa yau lafiya kuwa. Ranar da aka fara cigiyarka to ka samu abin da kuɗi ba sa saya. Kuma ba dole sai rubutu ba, kwastomominmu da yawa, musamman iyayenmu mata, sun fi son su ji murya, saƙon murya na minti biyu da Hausa mai daɗi ya fi dogon rubutun da aka cakuɗa da Turanci don a burge.

Bari in ɗan yi tsegumi a nan. Wannan ɗabi'ar ta ɓoye farashi, mutum ya tambaya nawa a ce masa "a zo inbos", ban san wanda ya koya mana ita ba amma tana korar mutanen kirki. Mai kunya ba zai zo ba, mai zargi kuma zai ɗauka kana duba hotonsa ne ka yanka masa kuɗi daidai tsadar hularsa, kuma sau da yawa zargin nasa gaskiya ne. Haka rabon kati da data don a bi ka. Ka tara masu jiran banza, ranar da ka daina rabo sun watse, waɗanda suka rage ma ba sa buɗe abin da ka ɗora. Taron tsintsiya ba shara kenan. Biyan 'yar TikTok mai tashe ta ɗaga kayanka kuwa yana iya kawo ciniki na kwana biyu, ban hana ba, sai dai ka sani gobe za ta ɗaga na abokin hamayyarka da irin murmushin da ta yi wa naka.

Wani marubuci Ba'amurke mai suna Kevin Kelly ya yi wani lissafi a 2008 da ya yi suna. Ya ce mai fasaha ba ya bukatar miliyoyin mutane, in ya samu masoya na haƙiƙa guda 1,000 da kowannensu zai kashe dala 100 a kansa a shekara, ya haɗa dala 100,000. Mu sauko da shi ƙasa daidai mu. A ce Hajiya mai atamfa da leshi tana da mata 200 da ba sa saye sai a wajenta, ƙaramar sallah da babbar sallah da anko biyu a shekara, sau huɗu kenan, a ce kowane zuwa ta ci ribar naira 5,000. Miliyan huɗu kenan a shekara, ba ta biya kowa kuɗin talla ba, kuma cikin 200 ɗin nan kowacce tana da ƙanwa da kishiya da ƙawa da za su tambaye ta ina kika samo wannan. Misali ne kawai na buga, amma ɗauki biro ka sa naka alƙaluman ka gani.

Sai dai akwai wani rami da ko masu yin abin daidai suke faɗawa. Mutanen nan da ka sha wahala ka tara, a gidan wa suke zaune? Ba mu manta ba, a watan Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter a Najeriya, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, wata bakwai, waɗanda duk cinikinsu a can yake suka koma lalube da VPN, manhajar da ake zagaye toshewar da ita. Ranar 4 ga Oktoba na wannan shekarar ta 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. A Satumbar shekarar kuma aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Kaduna da Sakkwato. Indiya ta haramta TikTok a 2020 kuma har yau bai dawo ba. Ban ma zo kan wanda aka yi wa kutse aka sace masa akawun ba, ko wanda ya wayi gari aka rufe masa shafi ba tare da an ce masa ga laifinsa ba, babu ofishin da zai je ya yi kuka. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Shi ya sa nake cewa duk wanda ya saya a wajenka, ka nemi izininsa ka ajiye lambarsa, da garinsu, da abin da ya saya da ranar, a waya da kuma a littafi na takarda irin wanda iyayenmu ke rubuta bashi. Ka roƙe shi shi ma ya yi sebin ɗin taka lambar, don saƙon burodkas na WhatsApp, wanda ake tura wa jerin mutane a lokaci guda, ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba, kuma jeri ɗaya mutum 256 yake ɗauka. Sitatus awa 24 ne ya ɓace, saboda haka bayanin da ka sha wahalar yi ka adana shi inda za ka iya sake tura wa sabon kwastoma bayan wata shida. Amma don Allah kar a mayar da lambar mutane bola. Ka tashi da asuba ka ga an jefa ka a guruf ɗin kayan kicin ba sallama ba neman izini, hoto tamanin sun cinye maka data, wannan ba ya kawo ciniki, bulok yake kawowa.

Kuma duk wannan surutun nawa ba zai ceci mai mugun kaya ba, hasali ma tona shi zai yi da wuri. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, mutanenmu suka saba da turansifa, yanzu mace tana Gombe za ta tura kuɗi ta Opay ko Moniepoint ga wadda ba ta taɓa gani ba a Kano, ta zauna jiran direba ya kira ta daga tasha. Tsakanin shigar alat da isowar kayan nan babu abin da ke riƙe da ita sai yarda. In ta buɗe leda ta ga kalar ba ita ba ce, ta kira, yadda kika amsa wannan kiran shi ne zai sa ta dawo ko kuma ta ɗauki sikirinshot ta watsa ki a guruf ɗin matan unguwarsu. Na san wata mai turaren wuta da kwalba ɗaya ta fashe a hanya, laifin direba ne ƙarara, ba ta tsaya jayayya ba ta aika wata ta biya kuɗin motar da kanta. Matar da aka aika wa ita ce yanzu ke haɗa mata odar gidajen biki a garinsu, kuma har yau ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.