Wa ke riƙe da linzamin zuciyar mai neman natsuwa a waya?

A hutun da ya wuce 'yar ƙanwata ta zo mana kwana biyu daga jami'a. Wata rana bayan isha'i na leƙa falo na tarar da ita zaune a kan darduma, ido rufe, iyafis a kunne, ko motsi ba ta yi. Na ɗauka lazimi take yi, na ja ƙafata na koma. Da safe da na tambaye ta sai ta miƙo mini wayar. Muryar wata Baturiya ce mai taushi, tana cewa a ja numfashi, a sake shi a hankali, a ɗauka ana tafiya a bakin teku, ƙafa na nutsewa cikin yashi mai ɗumi, ga wani haske yana saukowa daga sama yana wanke ƙirji. Yarinyar nan a Katsina aka haife ta, ba ta taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Ta ce, "Kawu, in ban saurari wannan ba barci ba ya zuwa. Kaina ba ya yin shiru."

Ban yi mata faɗa ba. Maganar nan ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Abin ya zama ruwan dare a duniya, har a watan Disamba na 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Disamba ta zama ranar wannan zama na natsar da zuciya. Manhajojin waya irin su Headspace, wadda aka kafa a 2010, da Calm, wadda ta biyo baya a 2012, su suka kai shi aljihun kowa. Kuma asalinsa ba a ɓoye yake ba. A 1979 wani masanin kimiyya a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya ɗauko dabarun zaman tunani na mabiya addinin Buda, ya cire musu rigar addini, ya tsara su darasin mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts domin masu fama da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Headspace, Andy Puddicombe, shi ma ya yi shekaru yana zaman zuhudu a gidajen ibadar Buda.

Da wannan tarihi a hannu, wani zai ce magana ta ƙare, shirka ce, a goge. Wani kuma zai ce ai kamar motsa jiki ne, babu ruwansa da addini. Ni dai dukansu na ga sun yi gaggawa. Ka zauna ka lura da shigar numfashinka da fitarsa har bugun zuciya ya lafa, wannan ba mallakar wani addini ba ne, Allah ne ya halicci jiki a haka. Inda na tsaya ina dubawa shi ne kashi na biyu, wurin da murya take zana maka hoto a zuci kai kuma kana bi. A nan ka miƙa linzami. Da muka bi jerin abubuwan da yarinyar ta tara daga intanet, mun samu na bakin teku da na kukan tsuntsaye, waɗanda ban ga aibunsu ba. Amma mun samu wani da ke cewa ka hango ƙofa, ka buɗe, za ka gamu da ruhin da ke yi maka jagora, ka tambaye shi abin da kake so. Wani yana nanata cewa kai ne hasken, kai ne duniyar baki ɗaya. Wannan aƙida ce ake shayar da mutum a lokacin da ya rufe ido ya sauke duk wata garkuwa, ko da mai maganar bai kira ta da sunan addini ba.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne yarinyar ba ta san cewa a gidansu akwai wannan ilimi ba, tun kafin a haifi kakan kakan mai manhajar.

Sahabi Hanzala ya gaya wa Manzon Allah (SAW), kamar yadda Muslim ya ruwaito, cewa idan suna gabansa yana tuna musu wuta da aljanna sai su ji kamar da ido suke ganinsu. Siffantawa ke nan wadda take sa zuciya ta gani. Harisul Muhasibi, malamin Bagadaza da ya rasu a 243 bayan Hijira, ya rubuta ɗan littafi guda a kan wannan, Kitabut Tawahhum, inda yake ɗaukar mai karatu mataki mataki yana ce masa ya suranta kansa a gargarar mutuwa, a cikin kabari, a filin tsayuwa, a kan siraɗi, har cikin aljanna. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba. Waƙoƙin wa'azi da malaman jihadi suka bari, waɗanda jajis, wato malamai mata da Nana Asma'u ta horar, suka riƙa kai wa mata a ƙauyuka, cike suke da irin wannan zane na baki: duhun kabari, zafin rana a ranar hisabi, inuwa da ƙoramun aljanna. Shehu Usmanu bai samu zuwa Hajji ba, amma tun yana saurayi ya yi begen Madina a waƙa kamar mai hango ta. Duk wanda ya taɓa jin makaho yana rera bege a bakin kasuwa, mata suna share hawaye a kan garin da ba su taɓa takawa ba, ya san ƙarfin wannan abu.

To ina bambancin? Manufa da iyaka. Muryar waya so take ka ji daɗi ka yi barci, gobe ka dawo, wata ya ƙare ka sabunta kuɗin rajista. Muhasibi so yake ka farka. Sannan malamanmu sun kafa shinge: ka yi tafakkuri a kan halittar sammai da ƙasa, kamar yadda ƙarshen Suratu Ali Imrana ya yabi masu yi, amma kada ka zana wa Zatin Allah hoto a zuciya, domin babu abin da ya yi kama da Shi. Ko ihsani da aka ce ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa, nan take aka bi shi da cewa in ba ka ganinSa, Shi yana ganinka. Zuciya doki ce mai ƙarfi, an ba ta fili ta yi sukuwa, amma an nuna mata inda za ta ja burki.

Haka batun yake a wajen zane. Turawa yanzu suna rububin ayyukan Hilma af Klint, wata mai zane 'yar ƙasar Suwidin da ta rasu a 1944. Tun daga 1906 take zana manyan da'irori da launuka waɗanda ta ce wasu ruhohi ne suke yi mata shifta. Da aka baje kolinsu a gidan tarihi na Guggenheim a birnin New York a 2018, mutum fiye da dubu 600 suka je kallo. Ƙishirwa ce ta kai su, ƙishirwar ganin abin da ya wuce kasuwa da siyasa. Mu kuwa muna da allon zayyana, wanda ake yi wa ɗalibi idan ya sauke Alƙur'ani, muna da adon da marubutan Borno da Kano suke yi a gefen mushafi wajen hizifi da sumuni da ayar sujada, muna da ɗaurin rufi na bakan gizo da magini Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Babu fuskar mutum a ciki, babu ikirarin wahayi. Layi ne yake shiga layi, kusurwa tana haifar kusurwa, ido ya bi ya bi har hayaniyar kai ta kwanta. Mai zayyana yakan yi kwanaki a duƙe da alƙalamin kara da tawada, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi ya san aikin ba ya yiwuwa da zuciya mai rawa. Na san akwai masu haɗa wannan da hatimi da tsibbu, ba su nake nufi ba. Abin baƙin ciki shi ne mun mayar da zayyana kayan tsarabar baƙi, yaranmu kuma suna sauke hotunan da'irorin Indiya suna shafa musu launi don samun sauƙin damuwa.

Laifin namu ne, mu manya. Mun koya wa yara farillai da sunnoni da abin da ke ɓata alwala, mun sa su hadda, amma natsuwa mun bar ta kamar abin da ke zuwa da kansa. Alhali a cikin Ahalari, littafin da kusan kowane ɗan makarantar zaure ya fara da shi, an lissafa natsuwa cikin farillan salla, kuma akwai fasali guda da ke cewa salla tana da haske mai girma da ke haskaka zukatan masu yin ta, ba mai samunsa sai mai khushu'i, don haka in ka zo salla ka kwashe duniya daga zuciyarka. Ga hasken da Baturiyar take sayarwa, a littafin da ba ya wuce kuɗin kati. Amma ana karanta wurin a wuce da sauri don a kai ga ƙabli da ba'adi. Wa'azinmu kuma, musamman na Facebook da TikTok, ya koma raddi a kan raddi. Ɗan ɗariƙa da ɗan Izala za su kwana suna jayayya a kan wazifa da halwa, alhali babu mai musun i'itikafi, ko azkar na safe da yamma, ko zaman Annabi (SAW) shi kaɗai a Kogon Hira. Yarinyar da kanta ba ya yin shiru ba ta da wurin zama a wannan rigima, sai ta nemi wanda zai yi mata magana a hankali.

Akwai kuma gargaɗin da masu tallar abin ba su cika yi ba. Dogon zaman shiru ba kowa yake yi wa daɗi ba. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta yi shekaru tana bibiyar mutanen da irin wannan zama ya tayar musu da firgici, ko tsohon tabon da ke zuciya, ko jin kamar sun rabu da jikinsu. Shehunan ɗariƙa sun san haka tun tuni, shi ya sa ba a shiga halwa sai da izini da mai dubawa, kuma kowa ya taɓa jin labarin wanda ya ja wuridi ba bisa ƙa'ida ba ya zautu. Waya ba ta ganin fuskarka, ba za ta ce maka tsaya haka nan ba. Wanda kuma rashin barci da ƙuncin rai suka kai shi ga barin abinci ko tunanin halaka kansa, likita yake buƙata, a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ne ko Barnawa ko Kware, tare da addu'a.

Ni da 'yar tawa mun zauna mun tace jerin nata. Na numfashi da na kukan tsuntsaye ta bar su, na buɗe ƙofar ruhi ita da kanta ta goge. Na ɗauko Ahalari muka karanta fasalin hasken salla, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kawu, mun yi wurin nan a Islamiyya, amma ba a taɓa tsayawa a kansa ba." Ranar da za ta koma ta roƙe ni in ɗauki muryata in tura mata ta WhatsApp. Na karanta mata ayoyin ƙarshen Ali Imrana da fassararsu, sannan na siffanta mata sararin samaniyar ƙauyenmu a daren da babu wata, lokacin da take ƙarama tana kwance a tabarmar kakarta tana ƙirga taurari.